Sikelin Baba Ya Ce Sifili

Baiwar Allah da ta rubuto a ƙasan labarin wancan mako cewa wai ina ja wa Horia aji ba gaira ba dalili, na ga saƙonki, kuma wallahi ban ji haushi ba. Ki dai gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Lahadi, sai ki sake yanke hukunci.

Ku da yau kuka fara leƙowa, sunana Ozana. Manhajar waya nake rubuta wa wani kamfani, daga ɗakina, a gidan iyayena da ke wani ƙauye kusa da Tulcea. Babana, Gavril, kiwon zuma ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Mamata, Veta, sana'arta a 'yan shekarun nan ita ce nema mini miji, kuma ba ta hutun ƙarshen mako.

Horia tare muka yi karatu. Shi ƙananan na'urori yake haɗawa, kullum yatsunsa da tabon ƙuna, rigarsa guda uku ce a duniya kuma duk kalar toka. Shekara biyu kenan yana zuwa gidanmu yana gyara abin da bai lalace ba. Ya gyara rediyon Baba, ya gyara ƙararrawar ƙofa, ya gyara agogon bangon da tun zamanin kakata yake tafiya lafiya lau. Abu ɗaya ne ya kasa, ya buɗe baki ya faɗi abin da ke kawo shi. Ni kuwa ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba, son da har haushin kaina nake ji.

Sai Tiberiu, zaɓin Mama. Kantin magani gare shi a cikin gari, da farar mota, da wani turare mai riga shi shigowa ɗaki. Ba shi da aibu, wannan ce ma matsalar. Da mugu ne da na huta.

Ranar Ista Mama ta gayyato shi, ta nuna shi ga dangi tana cewa, "Ga Tiberiu nan, wanda muke sa wa rai." Horia na durƙushe a gefe, kansa cikin rediyo. Na zuba masa ido ina jira in ga ko zai tashi, ko zai yi tari, ko zai yar da wani abu. Bawan Allah nan ya ce, "Madalla," ya ci gaba da ɗaure noti. Tun daga ranar na ɗauke masa wuta. Magana sai ta aiki.

Aikin kuwa sikeli ne. Duk watan Yuni Baba yana kwashe amyoyinsa a mota ya kai su dajin tei, wata bishiya ce a wajenmu da ke fure a lokacin, zumar ta fito da wannan ƙamshin da masu saye ke bi har gida. Bara waccan ɓarayi suka je da babbar mota suka ɗauke masa amya goma sha biyu. Na ga Baba ya zauna a bakin rijiya ranar har rana ta faɗi, kuma ban so in sake ganin haka. Shi ne Horia ya kawo shawara: a sa sikeli a ƙarƙashin amyar da ta fi ƙarfi, ya riƙa aiko nauyinta zuwa wayar Baba. In zuma na shiga, lamba ta hau. In an ɗauke amya, lamba ta faɗi sifili.

Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Yaro, in abin nan ya yi aiki, kujerar da ke damana a teburin Lahadi taka ce. In ka kunyata ni, ko inuwar ƙofata kar ka ƙara tsayawa." Da murmushi ya faɗa, amma duk wanda ya san Baba ya san ba ya tofar da yawu ya dawo ya lashe.

Muka raba aiki. Horia ya haɗa sikelin da abin aika saƙo, ni na rubuta manhajar da za ta karɓa ta nuna a waya. Ga yadda hirarmu ta ƙarshe ta kasance, na kwafo muku ita yadda take:

"Ɓangarena yana aiki."

"Nawa ma."

"Mu haɗa su mu gwada tare?"

"Ba ni da lokaci."

"To."

To. Kun ji fa. Mace ta ce ba ta da lokaci, maimakon ka zo ka tsaya a ƙofa har lokacin ya samu, sai ka ce to.

Ranar Lahadi da sassafe Horia ya tafi dajin a tsohuwar motarsa don ya dasa sikelin ya kunna. Mama kuwa, ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta gayyaci Tiberiu cin abincin rana. Na gane ne da na ga ta fito da farantan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai baƙo mai daraja, ta shimfiɗa farin mayafin tebur da ta yi wa ado da jan zare, ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. Miyar kifi na tafasa, tuwon masara na kan katako an rufe shi da ƙyalle, ga wainar cuku mai ɓawo-ɓawo tana huci.

"Je ki cire wannan wandon," ta ce da ni. "Ki sa rawayar rigar nan. Ki taje kanki, kin yi kama da wadda aka koro daga gona."

"Mama, Baba kawai muke jira ya ga lambarsa."

"Ki sa rigar, Ozana. Shekarunki ashirin da tara. A shekarunki ina goye da ke, ina riƙe da hannun yayanki."

Na sa rigar. Da Mama ba a ja, sai dai a kewaye.

Tiberiu ya iso da fure ga Mama da kwalin maganin ciwon gwiwa ga Baba. Farar riga fes, guga kamar za ta yanka hannu. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya ce da ni, "Rawaya tana karɓarki." Na ce na gode. Mama ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur don in ƙara wani abu, na ƙara masa tuwo.

Baba bai san ma ana yi ba. Ya jingine wayarsa da kwandon burodi, cokali a hannu, ido a kan waya. Don ya rage wa kansa jira sai ya fara labarin da ya saba. "Shekarar da na haɗu da uwarki, wani ayarin zuma ya sauka a bishiyar tuffar babanta..."

"Gavril, ci abincinka," Mama ta katse shi. Kullum a nan take katse shi. Tun ina yarinya ban taɓa jin ƙarshen labarin nan ba.

Sai wayar ta yi ƙara.

Dukkanmu muka leƙa, har Tiberiu. A tsakiyar kyakkyawan shafin da na ɓata sati ina yi wa ado da hoton ƙudan zuma, lamba ta fito ɓaro-ɓaro: 0.0.

Cokalin Baba ya koma cikin miya a hankali. Fuskarsa ta zama irin ta ranar bakin rijiya. Ya ce, "Sun sake zuwa."

"Baba, tsaya, wataƙila..."

"Ke kika ce in ta nuna sifili an ɗauke."

Ni na faɗa, ba ƙarya. Na kira Horia, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na tura saƙo: "Kana ina? Sikeli ya ce sifili." Shiru. Na tura: "Horia ka ɗauka don Allah." Rabon da in haɗa sunansa da don Allah tun kafin Ista.

Mama ta naɗe hannu a ƙirji. "Ni dai ban ce komai ba. Amma wa ya san inda amyoyin suke bana, in ba mu ba sai wannan yaron mai rigar toka?"

"Mama, ki ji tsoron Allah. Horia ko alawa aka ba shi sai ya tambaya ko ta wani ce."

"Na ce ban ce komai ba."

Tiberiu ya miƙe ya ɗauki makullinsa. Shi Domnu yake ce wa Baba, wato ranka ya daɗe. "Domnu Gavril, motata ta fi sauri. Mu je mu gani da ido." Kun ga abin da nake faɗa muku? Mutumin nan ba ya ba ni dalilin ƙinsa ko kaɗan.

Haka muka bar miya a tebur. Baba a gaba, ni da Mama a baya, ita da shuɗiyar rigar coci da ɗankwalinta, ni da rawayar riga da silifas ɗin wanka, don a ruɗe ban ga takalmina ba. Turaren Tiberiu ya cika motar. Baba sai murza hularsa yake a gwiwa.

Ni kuwa tsorona ta fuska biyu ne. In an sace amyoyin, Baba ba zai tashi daga wannan ba. In ba a sace ba, to sikeli ya yi ƙarya a ranarsa ta farko, a gaban baƙo, kuma Horia ya gama shiga gidanmu. Duk inda ta faɗi, ni ce a ƙasa.

Na buɗe wayata na shiga bayan manhajar, inda ɗanyen saƙon yake sauka kafin a yi masa kwalliya. Ku yi haƙuri da ni a nan, 'yan uwa, ba darasi zan ba ku ba, amma sai kun ga abin da na gani. Na'ura ba ta san arba'in ko hamsin ba, sifili da ɗaya kawai ta sani. In za ta aiko lamba mai ɗigo, irin nauyi, sai ta jero sifili da ɗaya guda talatin da biyu, a ƙulli huɗu, takwas-takwas. Ta farko cikin talatin da biyun tana faɗa ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa. Takwas na biye su ke faɗin inda ɗigo zai zauna. Ragowar su ne naman lambar. Aikina shi ne in karɓi wannan jerin in mayar da shi lambar da Baba zai iya karantawa.

Ga abin da sikelin Horia ya aiko:

00000000 00000000 00101010 01000010

Na ƙura masa ido. Da amya ba ta kan sikeli, da duka talatin da biyun sifili ne. Amma ga ɗaya-ɗaya can a ƙarshe, sun taru kamar baƙin da aka zaunar a bayan ɗaki. Manhajata ta fara karatu daga hagu, ta tarar da sifili a wurin da ke faɗin girman lamba, sai ta fitar da wata 'yar mitsitsiyar aba mai sifili arba'in a jere bayan ɗigo. Waya kuma ba ta da wurin wannan dogon zance, ta taƙaita ta ce 0.0.

Sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Na juya ƙullin huɗun, na ƙarshe ya dawo farko:

01000010 00101010 00000000 00000000

Na yi lissafin da yatsa a kan cinyata, a kan rawayar rigar Mama. Sama da sifili. Ɗigo ya matsa gida biyar. Arba'in da biyu da rabi.

Abin da ya faru shi ne, na'urori iri biyu ne a duniya. Wasu in za su aiko lamba suna fara miƙo kai, wasu suna fara miƙo wutsiya. Ni na rubuta tawa yadda yake a littafi, kai a gaba, na gwada da lambobin da na buga da hannuna, ta yi aiki. Shi ya gwada nasa da kwamfutarsa mai karɓar wutsiya a gaba, ya yi aiki. Kowa da gaskiyarsa. Minti biyar a tebur ɗaya da sun isa mu gano, amma wata ba ta da lokaci, wani kuma ya ce to.

"Baba," na ce, "amyar tana nan. Kilo arba'in da biyu da rabi."

Ya juyo. "Ɗazu sifili, yanzu arba'in da biyu. An jima kuma nawa?"

"Saƙon daidai yake, karatun ne ya zo a juye. Shi ya aiko daga wutsiya, ni na karanta daga kai."

"Wato laifin yaron ne," in ji Mama.

"Ba laifinsa ba ne."

"To naki ne?"

"Ba... Mama, ba a yi yarjejeniya ba ne kawai."

"Shekara biyu yana shan shayina, ai na san ba a yi yarjejeniya ba," ta ce, ta juya tana kallon gonakin sunflawa ta taga. Na ga kafaɗar Tiberiu ta motsa, dariya yake dannewa.

Na ɗauka Baba zai saki ransa, sai na ga ya ƙara haɗe gira. "Wannan ma ba daidai ba ne. Ranar Juma'a da hannuna na rataye ta a tsohon sikelina, arba'in da biyar ce. Tei na cikin fure, rana na fitowa, amya kamar wannan hawa take kullum, ba ta sauka." Hular da yake murzawa ta tsaya. Sai ya dafa hannun Tiberiu. "Taka motar nan, ɗana. Ba ɓarayi ba ne. Tsohuwar sarauniyar zumar ce ta kwashi rabin gida ta yi ƙaura. In ba mu same su a reshe ba, sun shiga daji kenan."

Ban san farar motar nan ta iya gudu haka ba. Mama ta riƙe ɗankwali da hannu ɗaya, ɗayan tana yin alamar gicciye a duk kwana.

Ƙamshin tei ne ya fara tarbarmu, mai nauyi, har ya danne turaren Tiberiu. Amyoyin Baba na nan a jere a bakin daji, shuɗi da rawaya da kore, ba wadda ta yi ko gezau. Baba ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, na ga ƙirjinsa ya sauka. Tsohuwar motar Horia na gefe, ƙofa a buɗe, wayarsa a kan kujera tana nuna kirana.

Shi kuwa can muka hango shi cikin bishiyoyi, tsaye ƙiƙam, kansa a sama. Da muka matso ya juyo, sai da Mama ta ja da baya. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf, kamar an manna masa dafaffen ƙwai.

"Nea Gavril, sannu da zuwa," ya ce, yana nuna sama. Nea a wajenmu kamar a ce kawu ne. "Ina gama kunna sikelin na leƙa ƙofar amyar in ga ko na dame su, ɗaya ta gaishe ni a ido. Can sai suka fito kamar hayaƙi. Ban san abin da ake yi ba, sai na bi su. Na ce in na koma ɗauko waya za su tashi ban ga inda suka nufa ba."

A reshen da ya ɗan fi tsayin mutum biyu, ga su nan sun dunƙule, baƙi da ruwan zinariya, sun yi girman tulu, suna wani kuka ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe kake tsaye a nan?" Baba ya tambaya.

"Ban sani ba. Wuyana dai ya daina ciwo, yanzu ba na jinsa."

Tiberiu ya koma mota ya dawo da ƙwayar magani da man shafawa. Da hannunsa ya shafa wa Horia a ido, yana cewa, "Kar ka murza, abokina." Na tsaya ina kallon mazan nan biyu, na ce a raina, Ozana, Allah ya haɗa ki da jarrabawa.

Na matsa kusa da Horia na rage murya. "Daga wutsiya ka aiko."

Idonsa mai lafiya ya zaro. "Daga kai kika karanta?"

"Haka yake a littafi."

"Haka na'urar take aikowa. Kowa ya sani."

"Ni ba kowa ba ce."

"Na ce mu gwada tare."

"Ka ce to."

"Ke kika ce ba ki da..."

"Sifili ya nuna wa Baba, Horia. A kan tebur. A gaban miyar kifi."

Ya juya wajen Baba, ya gyara tsayuwa kamar mai jiran hukunci. "Nea Gavril, kuskuren nawa ne. Ni ya kamata in..."

"Namu ne," na ce da ƙarfi, har ni kaina na ji mamaki. "Rabi da rabi."

Baba bai ko kalle mu ba. Ya tafi 'yar rumfarsa ya dawo da tsani da babban kwandon nan na kaba mai faɗin baki, yana goga masa wani ganye mai ƙamshin lemo a ciki. Ya jingina tsani da bishiya. Na miƙa hannu in riƙe masa tsanin, sai ya ɗora mini kwandon a hannu.

"Gwiwata ba ta hawa tsani yanzu," ya ce. "Kuma a gidanmu, in ayari ya sauka ga budurwa a wurin, ita ke riƙe kwando a ƙasa. Ta ɗaga shi saman kanta. Wani ya hau ya girgiza reshe, bugu ɗaya, mai ƙarfi. In ya yi daidai, su faɗa kwando. In hannunsa ya yi rawa, su faɗa mata a ka. Shi ya sa ba a zaɓa mata. Ita ke kiran wanda zai hau."

"Gavril," Mama ta ce.

"Yau sai na ƙarasa labarin nan, Veta. Babanki ya kawo ɗan mai injin niƙa ya tsayar a gindin tsani. Ni kuwa na zo sayen kakin zuma ne kawai, da takalmi ɗaya ya ɓule. Wa kika kira?"

Mama ta kau da kai. Wuyanta ya yi ja har kunne. Ni dai na tsaya da kwando a hannu, shekara ashirin da tara ina jiran ƙarshen labarin nan, ashe ni aka ajiye wa shi.

Tiberiu ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun farar rigarsa. "Ban taɓa yi ba," ya ce, "amma hannuna ba ya rawa. Aikina ne auna abu kaɗan-kaɗan." Gaskiya ya faɗa. Na kalli hannun, shiru kamar na mutum-mutumi.

Na kalli Horia. Ido ɗaya, wuya a sandare, yatsu na kaɗawa kamar ganye. Ko reshen ba na jin yana gani sosai. Bai matso ba, ya tsaya yana kallon ƙasa irin tsayuwarsa ta ranar Ista. Duk mai hankali ya san wanda ya kamata a kira.

"Tiberiu," na ce. Ya ɗago. "Ka yafe mini. Ka riƙe masa tsanin, don Allah, kar ya faɗo. Horia, hau."

Tiberiu ya dube ni, ya dubi Horia. Sai ya yi murmushin da ya sa na ji kunyarsa har raina, ya kama tsanin da hannu biyu ya ce, "Hau, abokina. Na riƙe."

Ina shiga ƙarƙashin reshen na ji hannu a kaina. Mama ce. Ta kwance ɗankwalinta tana ɗaura mini, tana tura gashina ciki da ƙarfi kamar mai jin haushin gashin. Ta ja kullin har sai da na ce wash. Sai ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Babanki ma a kumbure yake ranar. Leɓe ne nasa. Ki miƙe hannunki sosai, kar ki rufe ido."

Na ɗaga kwando. Kukan zumar ya cika mini kai. Horia ya kai saman tsani, ya kama reshen da hannu biyu, ya leƙo ni da idonsa ɗaya.

"Zan ƙirga uku," ya ce.

"To."

Ya ja numfashi, sai ya tsaya. "Ozana. Daga ɗaya zuwa uku, ko daga uku zuwa ɗaya?"

Jama'a, ina ƙarƙashin zuma dubu-dubai, da silifas ɗin wanka, dariya ta kusa kayar da ni. Baba ma na ji ya yi wani tari.

"Daga ɗaya. Ka buga a kan uku, ba bayan uku ba."

"A kan uku. Mun yarda?"

"Mun yarda."

Ya ƙirga. A kan uku ya buga, bugu ɗaya, wanda ban san yana da ƙarfinsa ba. Nauyi ya faɗo cikin kwandon tim, mai ɗumi, mai rai, har gwiwoyina suka lanƙwashe. Kaɗan suka zubo mini a hannu suna yawo, wasu suka tashi suka kewaye mu, amma ko ɗaya ba ta harbe ni ba. Baba ya karɓi kwandon a hankali, ya kife shi a kan farin ƙyalle, ya sa ɗan dutse a gefe don na waje su shiga. Ya durƙusa yana kallo har ya ga sun fara bin juna ciki, alamar sarauniya na nan. Ya ɗaga kwandon kaɗan ya jijjiga a hannu.

"Biyu da rabi, ko da ɗan ɗori," ya ce. "Sikelinku bai yi ƙarya ba. Bakinku ne bai haɗu ba."

Horia na saukowa, ƙafarsa ɗaya a tsani ɗaya a iska, Mama ta gyara wuyan shuɗiyar rigarta ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Lahadi mai zuwa akwai miyar kifi. Ka zo da mahaifiyarka. Kuma ka nemo riga mai kala."

Da Tiberiu bai riƙe tsanin ba da a ƙasa za mu tsinci Horia. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake nufi in an ce ka zo da mahaifiyarka. Ga uwa ta sa rana, ga uba ya ba da kujera, ga ni na kira suna a gaban shaidu, shi kuwa gogan har yanzu bai taɓa ce mini ko ina sonki ba.

Ya tako inda nake, yana ƙamshin man shafawar Tiberiu, ya tsaya yana murza yatsunsa masu tabo.

"Ozana," ya ce, "ina ganin mun fara daga wutsiya."

Na kwance ɗankwalin Mama na riƙe a hannu. Na daure na haɗe fuska, don mai hali ba ya fasa halinsa.

"Yau ina da lokaci," na ce. "Fara daga kai. Ina ji."